Silin jifsam mai ƙololuwa: sharhi kan aikin da aka yi mini a Kano

Falon gidan da na gina a wajen birnin Kano yana da tsawon mita 8 da faɗin mita 6, kuma tun a takardar zane na yanke shawarar cewa silinsa ba zai zama shimfiɗaɗɗe ba, zai tashi ne daga saman bango ta ɓangarori biyu ya haɗu a tsakiya kamar yadda rufin kansa yake. Bangon mita 3 ne, ƙololuwar silin kuwa ta kai mita 5. Abin da ya ja ra'ayina shi ne zaurukan da na taso ina gani a cikin birni, masu daurin guga da bakan gizo, wato rufin ƙasa mai tsawo da yake zaune a kan lanƙwasassun ginshiƙai, waɗanda mutum yake shiga da tsakar rana a watan Afrilu ya ji iska ta sauya, domin zafi yana hawa sama ya bar mazauna ƙasa cikin sauƙi. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama, ko ya ga cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, ya san irin kwarjinin da tsawon sama yake ba ɗaki. Ba ni da maginin da zai yi mini wannan da azara da ƙasa, gidan kuma na bulo da kwano ne, don haka na koma ga allon jifsam. Wannan sharhi ne kan ƙaramin kamfanin da na ba jingar aikin a watan Nuwamba na 2023, mutum biyar da ogansu, bayan na zauna a ƙarƙashin silin damina biyu.

Kafin na tsaya a kansu na yi magana da masu aiki uku. Biyu daga ciki masu POP ne, kuma duka biyun sun ce za su iya, amma bayanin da suka yi mini bai kwantar mini da hankali ba. POP na zubi, wanda ake kwaɓa garin a zuba a kan tebur da zare a ciki sannan a rataya faifan da igiyoyin da aka jiƙa da ƙulli, yana da nauyi, yana shigo da ruwa mai yawa cikin gini, kuma daidaita shi a kan gangara ya dogara ne kacokan ga idon mai aikin. Na ukun, wanda shi na ɗauka, bai fara da maganar kuɗi ba. Ya nemi tsani ya hau, ya daɗe yana duba ƙarafunan rufin, waɗanda mai walda ya haɗa su da ƙirar almakashi domin kada wani ƙarfe ya gitta tsakiyar ɗakin, sannan ya sauko ya auna gangarar. Ya ce kowane ɓangare mita 3.6 ne daga bango zuwa ƙololuwa, wato faɗin allo uku cif, tun da kowane allo faɗinsa mita 1.2 ne, tsawonsa 2.4. A lissafinsa silin ya kusa murabba'in mita 58, alhali da shimfiɗaɗɗe ne da 48 kawai zai kasance, kuma ya ce in sayi allo 23 duk da cewa 20 ne za su hau, saboda yanka da wanda zai iya karyewa a hanya. Da aka gama aiki allo ɗaya da 'yan guntaye suka rage. Mutumin da lissafinsa ya fita haka tun kafin ya karɓi kafin alƙalami ya cancanci a saurare shi.

Kayan tare muka je muka saya a Kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma a nan muka fara samun saɓanin ra'ayi. Ni na so in ɗauki allo mai kaurin milimita 9 domin ya fi araha kuma ya fi sauƙin ɗauka, shi kuwa ya dage a kan mai 12. Ya ce: "Alhaji, siririn allo a kan gangara yana yin ciki tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma ranar da ya yi ciki babu filar da za ta mayar da shi." Fila ita ce ƙullin da ake shafawa a mahaɗar allo domin a cike ta a daidaita. Na bi maganarsa, kuma ban yi nadama ba. Allon jifsam ba wani abu ba ne illa dutsen jifsam da aka niƙa, aka gasa, aka sake kwaɓawa aka matse tsakanin takardu biyu masu kauri, kuma ƙarfinsa yana cikin takardar ne fiye da cikin farin garin. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jifsam ruwa ne da ke ɗaure a jikin dutsen, wanda sai wuta ta taɓa shi yake fita a matsayin tururi, shi ya sa allon yake jinkirta gobara a inda silin roba yake narkewa ya ɗiga. A Amurka aka fara yin sa, inda Augustine Sackett ya yi rajistar ƙirarsa a 1894. Akwai dutsen jifsam a ƙasarmu, musamman a yankin Fika ta jihar Yobe, amma allunan da muka saya daga waje aka shigo da su, kuma wannan yana bayyana a farashinsu duk lokacin da canji ya motsa.

Kwana huɗu na farko ba a taɓa allo ko ɗaya ba. An jera su a kwance a cikin falon a kan katako, nesa da damshin daɓe, domin su saba da iskar ɗakin, ma'aikatan kuma suka shiga kafa ƙarafunan da za su riƙe su. A wannan mataki ne suka fi burge ni, kuma shi ne matakin da mai gida ba zai sake gani ba har abada da zarar an rufe. Sun ƙi amfani da katako, saboda gara da kuma yadda ɗanyen katakon da ake sayarwa yanzu yake murɗewa idan ya bushe a ƙarƙashin kwano. Siraran ƙarafa marasa tsatsa suka yi amfani da su, suka rataye su daga ƙarafunan rufi, suka jera su daga bango zuwa ƙololuwa da tazarar santimita 40 tsakanin kowane biyu, ta yadda ƙarshen kowane allo mai tsawon mita 2.4 zai faɗo daidai a tsakiyar ƙarfe. Ƙarafunan da mai walda ya yi ba su daidaita da juna ba, domin akwai wanda ya sauka da kusan santimita 2 fiye da maƙwabcinsa, kuma da an bi su yadda suke da silin ya fito da tudu da kwari. Ogan ya ɗaura zare daga wannan bango zuwa wancan a wurare uku a kowace gangara, ya kunna na'urar leza a ƙasa ta zana jan layi a inda ƙololuwa za ta zauna, sannan yaransa suka riƙa ɗaga kowane marataye ko sauke shi har sai ƙarfen ya taɓa zaren ba tare da ya tura shi ba. Na tsaya na kalli wani yaro ya kwance marataye ɗaya sau uku a kan abin da bai fi kaurin tsinken ashana ba, ogan yana ƙasa yana cewa bai kai ba tukuna.

Shi ne kuma ya tunatar da ni abin da ni da mai zanen gidan muka yi sakaci da shi. A silin shimfiɗaɗɗe akwai babban fili tsakaninsa da kwano wanda yake shanye wani ɓangare na zafin rana, amma silin da yake bin gangarar rufi yana matsowa kusa da kwanon, don haka idan ba a sa abin tare zafi ba, tsawon da aka nema domin sanyi zai koma murhu. Ya ba da shawarar a shimfiɗa audugar gilashi a bayan allunan, a bar rata tsakaninta da kwano domin iska ta riƙa shiga ta ƙarƙashin bakin rufi ta fita ta sama. Ratar tana da amfani na biyu, domin a safiyar sanyi kwano yana yin gumi ta ciki, kuma idan gumin ya ɗiga a bayan allo takardarsa za ta jiƙe ta yi tabo. Wannan ya ƙara mini kuɗi da ban shirya ba, kuma na ji nauyinsa a lokacin, amma bazara biyu da suka wuce sun nuna mini cewa da gaskiyarsa. Ya kuma hana a rufe ko'ina sai da mai wayarin ya gama jan wayoyinsa aka gwada su, aka kuma walda wa fanka ƙarfenta na musamman a jikin rufin, domin allon jifsam ba ya ɗaukar nauyin fanka balle girgizarta.

Ɗora allunan ya ɗauki kwana biyu da rabi. Kowane allo ya haura kilo 20, kuma ɗaga shi zuwa mita 4 ko 5 a karkace ba ƙaramin aiki ba ne. A wasu ƙasashe ana amfani da wani injin hannu mai ƙafa uku da ke ɗaga allo ya karkata shi daidai da gangara, amma waɗannan ba su da shi. Sikafol na ƙarfe suka kafa mai hawa biyu, mutum biyu suna riƙe da allo da hannu da ka, na uku yana ɗaure sukuru. Daga ƙasa suka fara, bayan sun buga zaren alli domin layin farko ya miƙe, saboda kowane layi na sama ya samu inda zai jingina a kan na ƙasa da shi. Sun kwantar da allunan a gicciye da ƙarafunan, kuma sun saɓa mahaɗar gajerun ɓangarorin daga layi zuwa layi kamar yadda birkila yake saɓa bulo, domin kada tsaga ta samu miƙaƙƙiyar hanya daga bango har sama. Sukurun mai tsawon milimita 25 suka sa, kowane santimita 20, kansa ya ɗan nutse a cikin takardar ba tare da ya huda ta ba. Inda wani yaro ya matsa har takardar ta yage, ogan ya sa shi ya ƙara wani sukurun kusa da shi, domin wanda ya huda takarda ba ya riƙe komai. A nan abin da ban ji daɗinsa ba shi ne tsaron lafiya. Babu abin dafawa a saman sikafol ɗin, babu wanda ya ɗaura igiya a ƙugu, kuma yaron da ya fi kowa ƙanƙanta yana tsaye a kan katako guda a tsawon da idan ya faɗo kan siminti sai dai wani ikon Allah. Na yi magana, aka ƙara katako biyu aka ɗaura bututu a gefe, amma bai kamata a ce sai mai gida ya faɗa ba.

Da aka gama ɗorawa na tsaya a bakin ƙofa na dubi layin ƙololuwa, na gan shi a miƙe kamar an ja da rula, kuma a ranar na ɗauka an ci ƙarfin aikin. A gaskiya rabinsa aka yi, kuma rabi na biyu, wato like mahaɗa da shafe, shi ne inda wannan kamfani ya gaza.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ya bambanta wannan silin da na yau da kullum. A ɗaki na al'ada kowace kusurwa digiri 90 ce, ana naɗe tef na takarda a tsakiya a cusa, wuƙar shafe ta jingina da ɓangare ɗaya ta gyara ɗayan, layin ya fita da kansa. A falona kusurwar ƙololuwa ta kai kimanin digiri 113, inda gangara ta haɗu da bango kuwa kimanin 124. Buɗaɗɗiyar kusurwa irin wannan ba ta da abin da zai yi wa wuƙa jagora, don haka idan hannu ya ɗan kauce sai layin ya yi ta lanƙwasa kamar sawun maciji, kuma tsawonsa mita 8 ne a wurin da idon duk mai shigowa yake fara sauka. Ban da haka, ƙololuwa ita ce inda ɓangarori biyu na rufi suke haɗuwa, kowanne yana motsi da kansa. Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi ya tsuke idan ya huce, kuma ƙarfe mai tsawon mita 8 yana iya ƙaruwa da kusan milimita 3 idan zafinsa ya tashi da digiri 30, abin da ba wuya a ƙarƙashin kwano a Kano tsakanin asubahin Disamba da azahar ɗin Afrilu. Saboda waɗannan dalilai biyu ake yin wani tef na musamman domin irin wannan kusurwa, mai faɗi, mai takarda a waje da siraran ƙarfe ko roba guda biyu a ciki, wanda ake lanƙwasa shi daidai da kowace kusurwa ya tsaya a haka. Shi ne yake ba da miƙaƙƙen layi, shi ne kuma yake jure motsi.

Ma'aikatan ba su sa shi ba. Tef mai raga, mai danƙo a baya, wanda suka like sauran mahaɗa da shi, shi suka lanƙwasa suka manna a ƙololuwa suka bi da fila. A lokacin ban san bambancin ba, daga baya na koya, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ogan ya sani, domin da na tambaye shi bayan watanni bai yi musu ba. Ya ce bai samu tef ɗin a shagon da ya saba saya ba, kuma bai so ya tsayar da aiki. Tef mai raga yana da saurin aiki, amma ba shi da ƙarfin na takarda a kusurwa, kuma ko a shimfiɗaɗɗiyar mahaɗa ana so a binne shi da irin filar gari da ake kwaɓawa ta daskare cikin mintuna 45 ko 90, wadda take yin tauri sosai, ba ta bokiti da take bushewa da iska ba. Su ta bokiti suka yi amfani da ita tun daga shafen farko.

Lokacin aikin ma bai taimaka ba, kuma a nan ina da nawa kason, domin ni na matsa a gama kafin ƙarshen shekara. Disamba ce, hunturu ya kankama, iska ta bushe ƙamas. A irin wannan yanayi fila tana bushewa ta waje cikin ɗan lokaci alhali cikinta da sauran danshi, sai mai aiki ya taɓa ya ji ta bushe ya ɗora wata a kai. Ƙa'idar aikin ita ce shafe uku, kowanne ya kwana ya bushe har ciki, ana farawa da wuƙa mai faɗin santimita 15, a koma mai 25, a ƙare da mai 30, kowane shafe ya zarce gefen na baya domin tudun mahaɗar ya baje har ido ya kasa gane shi. Su sun yi shafe biyu a rana ɗaya, na uku washegari, suka goge da samfefa da yamma. Dogayen gefunan allo masana'anta tana ɗan sirantar da su domin tef da fila su samu wurin zama, don haka waɗannan mahaɗa sun ɓace lafiya. Gajerun gefunan ba su da wannan kwarin, dole sai an baje fila da faɗi sosai a kansu, kusan rabin mita ko fiye, kuma su ba su kai haka ba. Ƙurar guga kuwa ta cika gidan har ɗakunan da aka riga aka yi wa fenti, domin ba su rufe ƙofofi da leda ba, su kansu kuma da tsumma suka rufe hanci.

Aibin farko ya bayyana tun kafin mu tare. A bangon gabas akwai taga mai kusurwa uku a can sama, wadda na sa domin haske, kuma da hantsi rana tana shigowa ta cikinta ta bi jikin silin a kwance. Haske mai bin jikin abu a haka ba ya rufa wa kowa asiri. Bayan fenta ya yi shafensa, sai ga kowace gajeriyar mahaɗa ta fito da inuwarta, ga kawunan sukuru a jere kamar maɓallan riga, ga bambancin laushi tsakanin inda fila take da inda takardar allo take tsirara, domin ba su shan fenti daidai. Da azahar, idan rana ta koma sama, silin yana da kyau ƙwarai, amma daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe sai ka ƙidaya allunan ɗaya bayan ɗaya. Maganin wannan sananne ne ga masu sana'ar, wato a bi dukan fuskar silin da siririn shafe guda, a goge, a sa fentin share fage kafin fenti na ainihi. Ogan ya ga tagar tun ranar da ya fara zuwa, kuma mutumin da ya hango mini matsalar zafi da ta fanka bai kamata wannan ta wuce shi ba.

Aibi na biyu ya jira bazara. A tsakiyar Afrilun 2024 na ga wani siririn layi kamar gashi a ƙololuwa, kusa da bangon yamma, tsawonsa bai fi kamu biyu ba. Cikin mako uku ya kai rabin ɗakin, kuma a wani wuri gefen ragar ya fara leƙowa ta cikin fenti.

Yadda suka karɓi ƙorafin shi ne abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi ba tare da ɗaci ba. Na riƙe kashi goma cikin ɗari na kuɗin jinga bisa yarjejeniyar da muka rubuta cewa sai bayan wata shida za a biya ciko, kuma ina ganin wannan ya taimaka, amma ba shi kaɗai ba ne. Na kira ogan ranar Asabar, ya zo ranar Litinin, ya hau ya duba, ya sauko ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan laifinmu ne, ba na rufi ba ne." Bai ɗora wa mai walda ba, bai ɗora wa fenta ba, alhali da ya yi haka ba ni da ilimin da zan ƙaryata shi a lokacin. Ya nemi mako biyu domin ya sa a kawo masa tef ɗin kusurwa daga Abuja, kuma ranar da ya ce zai dawo ya dawo da mutum uku.

Gyaran ya ɗauki kwana shida, kuma a cikinsa na ga irin aikin da ya kamata a yi tun farko. Sun kankare tsohuwar raga da filarta daga bango zuwa bango. Sun cire sukurun da ke dab da ƙololuwa a ɓangare ɗaya, suka bar na ƙarshe kimanin santimita 18 daga kusurwar, domin bakin allon ya samu damar ɗan lanƙwasawa idan ƙarfe ya motsa maimakon ya ja mahaɗar ta tsage. Sun cike ratar da ke tsakanin allunan biyu da filar gari suka bar ta ta daskare. Daga nan suka buga zaren alli a kowane gefe, layi biyu masu tafiya tare da ƙololuwa, suka yanko tef ɗin a tsawonsa na mita 8 ba tare da haɗi ba, suka lanƙwasa shi a ƙasa, mutum uku suka ɗaga shi tare suka kwantar a kan ɗanyar fila suna daidaita gefensa da layin allin, ogan yana tsaye a ƙarshen ɗaki ya rufe ido ɗaya yana cewa a matsa hagu ko dama. Haka suka yi wa kusurwoyi biyun da gangara ta haɗu da bango. Kowane shafe ya kwana. A rana ta biyar suka bi dukan silin da siririn shafe, kuma a wannan karon da fitila a hannu suka yi gugar, suna ɗora ta a jikin allon domin haskenta ya tona duk wani tudu kafin rana ta tona shi. Sun rufe ƙofofi da leda, sun share bayansu. Ni na sayi filar ƙarin shafen da fentin, tun da ba sa cikin jingar farko, su kuma suka ɗauki nauyin tef da kuɗin aikin, na biya su cikonsu a ranar da suka sauke sikafol.

Tun daga lokacin silin ya ga damina biyu, hunturu ɗaya da wata bazarar, kuma ƙololuwar ba ta sake tsagewa ba. Da safe hasken tagar gabas yana bi ta kansa ba ya samun abin da zai kama, sai wuri ɗaya kusa da fanka inda wanda ya san da shi zai iya gane ɗan tudu. Babu tabon ruwa ko ɗaya, wanda wannan yabon mai kwano ne da kuma ratar iskar da aka bari. Falon ya fi sauran ɗakunan gidan sanyi da rana ta yadda baƙo yake lura da kansa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne amsa kuwwa, domin tsawon sama da tayil a ƙasa sun sa murya tana yawo, sai da muka shimfiɗa kafet muka rataya labule masu kauri abin ya lafa. Sauya ƙwan fitila a mita 5 ma sai an aro dogon tsani, kuma da na sani da na sa fitilun a jikin bango.

Hukuncina a kan kamfanin ya rabu biyu. A awo, kafa ƙarfe da ɗora allo ban ga wanda ya fi su ba a cikin waɗanda na gwada ko na ga aikinsu a gidajen abokai, kuma ogansu mutum ne mai faɗin gaskiya ko da za ta ci kuɗinsa. A shafe kuwa hannunsu ya saba da silin shimfiɗaɗɗe na ɗakin kwana, inda kuskure yake ɓuya, kuma idan ba a tsaya a kansu ba za su yi wa silin mai ƙololuwa irin wannan aikin. Kuɗinsu ya ɗara na masu POP biyun da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ina ganin ya dace da abin da na samu a ƙarshe, ko da yake da sun tafi sun bar ni da aikin Disamba da ban faɗi haka ba. Zan sake ba su aiki, har na riga na tura su gidan wani ɗan'uwana da ke gina irin wannan falo, amma na zauna da shi muka rubuta sharuɗɗan a takardar jinga kafin ya ba da ko sisi: allo mai milimita 12, ƙarfe a kowane santimita 40, tef ɗin kusurwa ya iso gidan ya gan shi da idonsa kafin a ɗora allon farko, shafe uku kowanne da kwanansa, shafen gaba ɗaya saboda shi ma yana da taga a sama, abin dafawa a kan sikafol, da cikon kuɗi da ba za a biya ba sai silin ya ga watan Afrilu.